A kan ɗiyata Rakiya da takardar da ta hana ta komawa lakkol

Zuwa ga Mai Girma Sufeton makarantun firamare na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda za ta iske ku lafiya, ku da iyalinku da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinku. Allah ya ba ku sauƙin aiki.

Sunana Amadu Hamani. Ɗan kabu-kabu ne ni a nan Malanville, tashata tana bakin kasuwar albasa. A Madekali aka haife ni, cikin masu kiwo, neman abinci ya kawo ni gari. Ba ku san ni ba, ko da yake sau huɗu na zauna a bencin da ke gaban ƙofarku. Da Hausa na rubuto don Faransancina na kasuwa ne, bai kai ya ɗauki wagga magana ba. Rubutun ma ina babba na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci. Na san akwai mai jin Hausa a biro ɗinku, wato ofishinku, na taɓa jin shi yana magana da mai goro. Na kuma ba da irin wagga takarda a karanta a taron iyayen yara, saboda wadda na kawo muku a rufe bara an ce ba a gan ta ba.

Ba zan faɗi sunan lakkol ɗin ba, ba zan faɗi sunan dirakta ko na mushen ajin, wato malaminsu, ba. Ba so nake a kori kowa ba. Akwai lokacin da nake fushi, ya wuce. Yanzu abin da ya faru kawai zan jera muku, yadda ya faru.

Na ɗaya: ko wace ce Rakiya.

Rakiya ɗiyata ce, ita kaɗai gare ni. Shekararta goma sha ɗaya. An haife ta tana ji. Tana da shekara uku sanƙarau ya kama ta da bazara, ta yi kwana tara a likita, ta tashi, amma kunne bai tashi da ita ba. Kafin ciwon tana cewa Baba, tana cewa ruwa, tana kiran akuyarmu da suna. Bayan shekara guda duk waɗannan sun zube. Mutanen unguwa suka koma kiranta Bebiya, har wasu yara ba su san tana da wani suna ba.

Uwarta, matata Hajo, ita ta ƙirƙiro musu magana da hannu, su biyu. In an taɓa ɗan kunne, Inna ke nan. In an murɗa hannu kamar mai ba moto wuta, ni ke nan. Suna da alamar shinkafa, da ta gulbi, da ta ranar kasuwa, da ta maƙwabciyar da ba sa so. Sai in shigo in iske su suna dariya a bakin murhu ban san abin da aka ce ba. Ni abin da na iya bai wuce goma ba: zo, tafi, ci, kwanta, bari. Ina fita da sassafe in dawo bayan magariba, na ɗauka wannan ya isa uba. Wannan laifina ne, na sa shi a gaba don kada a ce na zo ɗora wa lakkol komai.

Na biyu: shekara uku a bencin baya.

Tana da shekara bakwai muka ɗinka mata kaki muka kai ta lakkol ɗin unguwa. Na gaya wa dirakta ba ta ji. Ya ce a bar ta, za ta bi 'yan uwanta. Da yake tana da tsawo, aka sa ta a bencin ƙarshe.

Ranka shi daɗe, kun san yaranmu da ke ji ma wahala suke sha. A gida Hausa, a titi Dandanci, a aji Faransanci. Rakiya ba ta da ko ɗaya cikin ukun. Mushe yana magana fuskarsa na kallon allo, ita bayansa take gani daga safe har a tashi. A satin farko an buge ta sau biyu don an kira sunanta ba ta amsa ba, sai da yara suka gaya wa mushen. Dirakta bai gaya masa ba.

Abin da ta iya shi ne kwafa. Duk abin da aka rubuta a allo sai ta zana shi cikin kayenta, littafinta na rubutu, harafi bayan harafi, da kyau kamar na inji. Na riƙa ɗaukar kayen ina nuna wa abokan aikina a tasha. Wata rana na buɗe shafin farko inda aka rubuta sunayen yara biyar na bencinsu, na nuna ta, na nuna takardar, ina nufin ta nuna mini nata. Ta dube ni, ta dubi takardar, ta ɗauki bik, abin rubutunta, ta sake kwafe duka biyar ɗin a ƙasa. Shekararta biyu a lakkol a lokacin. Ba ta san ɗaya daga cikin zanen nan ita ce ba.

Ta maimaita aji ɗaya, ta maimaita aji biyu. A takardar sakamako kullum magana ɗaya ake rubutawa, wai ba ta bin karatu. Ba wanda ya taɓa kirana ya ce ga abin da za mu gwada.

Na uku: Madam Odil.

A shekara ta huɗu aka kawo wata malama daga kudu, Madam Odil. Sunanta kaɗai zan faɗa, don alheri zan faɗa a kanta. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Dandanci, a kasuwa da yatsa take nuna abin da za ta saya. Ƙanenta kurma ne, ya yi makarantar kurame can wajensu, a wurinsa ta koyi maganar hannu irin ta makaranta.

Abin da ta yi ba mai yawa ba ne, shi ya sa nake son ku ji shi. Ta dawo da Rakiya bencin gaba, kusa da taga inda haske yake. Ta daina magana tana ba yara baya. Ta yanka kwali ta rubuta sunan kowane abu ta manna a jikinsa: ƙofa, taga, bokiti, tsintsiya, allo. Kullum kafin a fita hutun safe sai ta koya wa ajin duka alama uku ko huɗu da hannu. Yara suka ɗauke shi wasa, suka iya. A karon farko Rakiya ta samu ƙawa, wata Fati, da suke faɗa su shirya.

Bayan wata biyu na fito da safe zan tayar da moto, na ga an rubuta wani abu da alli a jikin tanki. Haruffa huɗu ne, moto. Rakiya tana tsaye a bakin ƙofa tana jira in gani. Ba a allo ta kwafo ba, babu allo a gidanmu. Ta nuna rubutun, ta nuna moton, ta murɗa hannu. Yinin nan ban goge shi ba, da shi na yi ta ɗaukar fasinja har zufar gwiwata ta share shi.

Ranar Laraba da yamma babu karatu, sai Madam ta ce iyaye su zo ta koya musu. Hajo ba ta taɓa fashi ba. Ni sau ɗaya na je, na zauna rabin awa, aka kira ni a waya akwai kaya a bakin gada, na tafi. Kafin shekarar ta ƙare Rakiya ta san sunanta, ta san kalmomi masu yawa, tana haɗa biyu ko uku su ba da ma'ana. Ta wuce zuwa aji uku ba tare da an tura ta ba.

Na huɗu: ɗauke malamar, da zuwana biro ɗinku.

Wata uku da komawa lakkol a shekara ta gaba, takarda ta fito daga wajenku, an mayar da Madam Odil wani ƙauye a ɓangaren Tumbutu, nan cikin yankinmu. Ban san dalili ba. Dirakta ya ce bukatar aiki ce. Na yarda yaran ƙauyen ma suna bukatar malami, ni ma ɗan ƙauye ne. Amma ba wanda ya tambaya ko akwai abin da za ta bari a baya wanda wani ba zai iya ɗauka ba.

Zuwana na farko aka ce kuna taro a Kandi. Na biyu aka ce in rubuto da Faransanci, na je wurin mai rubuta wa mutane takardu ya rubuta, na kawo, aka karɓa. Na uku aka ce ba a ga takardar ba. Na huɗu wani ma'aikaci ya fito ya same ni a benci, ya yi mini magana da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce: "Malam, irin waɗannan yara suna da makarantarsu a kudu. Ka kai ta can, ka huta." Na tambayi nisan wurin, ya ce yini guda a mota. Na gaya wa Hajo. Ta ce yarinyar da ba ta iya faɗin an cuce ta ba, ba za ta kwana a garin da ba mu da kowa ba. Ban ja da ita ba.

Sabon mushen ajin saurayi ne, yara sun cika masa aji har bakin ƙofa, bai taɓa ganin maganar hannu ba. Ba na ganin laifinsa a kan abin da ba a koya masa ba. Ya sake jera yara bisa tsawo, Rakiya ta koma baya. Kwalayen da ke jikin ƙofa da taga suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, aka share su da shara.

Na biyar: rasuwar Hajo.

Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Hajo tana da ciki a lokacin, bayan shekaru muna nema. Da watan ya kama, haihuwa ta zo da gardama, jini ya ɓalle. Likitar nan suka ce sai Kandi. Ni na ɗauke ta na sa a mota. Rakiya tana tsaye a bakin titi tare da mahaifiyata. Hajo ta ɗaga hannu ta tagar motar ta yi mata alamar za ta dawo. Da la'asar ta rasu, ita da abin da ke cikinta. Zafi ake yi sosai, 'yan uwanta da ke can suka ce a yi mata sutura a nan, aka yi. Washegari na dawo ni kaɗai, da zanenta da rigata a cikin leda, duk jini.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Rakiya ta ratso mutane ta zo gabana, ta taɓa kunnenta, ta buɗe tafin hannu. Ina Inna? Na yi mata alamar kwanciya. Ta girgiza kai, ta nuna ɗakin, babu kowa a gado. Na nuna sama. Ta dubi sama. Na nuna ƙasa. Ta dubi ƙasa, ta sake dubana. Alamomina goma sun ƙare.

Wata maƙwabciyarmu, da nufin taimako, ta kama kafaɗunta ta juyo da ita. Ta taɓa kunne, ta ja yatsa a wuya, ta nuna hanyar Kandi. A gidanmu alamar mutuwa ke nan, don abin da Rakiya ta taɓa gani ya mutu kaza ce da ragon layya. Ni kuma ina zaune daidai wajen da matar ta nuna. Ban lura ba. Rakiya ba ta yi kuka ba, ta shige ɗakin kakarta. Mata suka ce yarinyar akwai haƙuri.

Daga ranar ta daina karɓar komai daga hannuna. In na shigo ta laɓe bayan ƙofa. In na miƙa mata ƙosai sai ta bar shi a ƙasa har kaji su cinye. Wuƙar girki ta ɓace, aska ta ɓace, har ƙaramar wuƙar da nake yanka igiyar kaya. Mahaifiyata ta ce aljanu ne suka shigo gidan da mutuwa. Ina fita, ina ɗaukar mutane, ina sauke su, ina dawowa. Wani lokaci fasinja sai ya taɓa ni ya ce mun wuce wurin.

Bayan addu'ar bakwai ta koma lakkol. Sati biyu tana zuwa. Wata ranar Talata mahaifiyata tana kakkaɓe tabarma, kayen Rakiya ya faɗo, da wuƙaƙen uku a naɗe cikin tsumma. Na buɗe kayen. Shafi huɗu a jere, babu darasi ko ɗaya. Kalmomi uku ne na Faransanci, cikin waɗanda Madam ta koya mata, ta yi ta maimaita su daga sama har ƙasa: inna, baba, wuƙa. A ƙasan kowane shafi mushe ya ja jan layi, ya sa sifili, ya rubuta cewa ba wannan ne aikin da aka ba su ba. Shafi huɗu, kwana huɗu, sa hannu huɗu.

Ranka shi daɗe, yarinyar nan ta kai ƙara. Da ɗan abin da aka koya mata ta kai, a wurin da aka koya mata shi, ga mutumin da ya iya karatu. An duba rubutun, an ba shi maki.

Ni ma da na karanta ban gane duka ba. Na dai san ba ni ne zan iya tambayarta ba. Washegari Laraba na ce za mu wurin Madam. Rakiya ta ƙi hawa moton. Sai da mahaifiyata, da tsufanta da ciwon ƙugunta, ta hau tsakanina da ita, muka yi hanyar Tumbutu mu uku.

Madam tana wanki a bayan ɗakin da aka ba ta. Rakiya ta sauka tun moton bai gama tsayawa ba, ta ruga ta riƙe ta. Suka zauna a gindin wani itacen bedi. Hannun yarinyar yana tafiya da sauri yadda ban taɓa gani ba. Ni da mahaifiyata muna nesa kaɗan a kan turmi. Can Madam ta taso ta zo wurina, ta yi magana a hankali don in gane Faransancin. Ta ce: "Tana tambaya me innarta ta yi maka ka yanka ta. Ta ce ta ga rigarka. Tana tambaya ko ita ma za ka kai ta Kandi."

Na ji maganar sarai. Na ji ta kamar wani ake gaya wa. Na tuna ina kallon kajin Madam suna tonon ƙasa a wurin da ruwan wanki ya zuba, ina lura ɗaya tana ɗingishi. Mahaifiyata ta tambaye ni me ta ce. Na ce mata tana gaishe ki.

Madam ta koma. Awa biyu ta yi da ita. Akwai abubuwan da ita da Rakiya ba su kai ga alamarsu ba kafin a raba su: ciwo mai kisa, kabari, ƙaddara. Ta zana a ƙasa da tsinke. Ta naɗe ɗankwalinta ta yi jariri da shi. Ta kira ni ta sa na nuna yadda na ɗauki Hajo a hannu, yadda jinin ya taɓa rigar, yadda na tsaya a ƙofar ɗakin da likitoci suka hana ni shiga. Na yi duk abin da ta ce kamar ɗan aji ɗaya. Daga ƙarshe ta koya mana alamar mutuwa ta gaskiya, mu biyu tare, hannu biyu a buɗe, ɗaya ya kife. Babu wuƙa a ciki.

Sai a lokacin Rakiya ta yi kuka, kwana ashirin da biyu bayan rasuwar uwarta. Kukan kurma ba shi da daɗin ji, ba ta san ƙarfinsa ba. Mutanen ƙauyen suka fito. Ni ban yi kukan ba, har yau ban yi ba. A hanyar dawowa ita ta zauna bayana, kakarta a ƙarshe. Ranar Juma'a na kai ta Kandi ta ga kabarin.

Na shida: inda muke yanzu.

Tun daga lokacin kowace Laraba da azahar nake ajiye aiki in ɗauke ta mu tafi wurin Madam. Tana koya wa Rakiya karatu, tana koya mini hannu. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya sa ta, ranar hutunta ce. Ina da shekara arba'in da huɗu, yatsuna sun sandare da riƙon moto, Rakiya tana gyara mini su tana dariya. Yanzu ina iya tambayarta abin da ta ci, da wanda ya ɓata mata rai, da abin da ta yi mafarki. Na gano ba ta son kuɓewa. Shekara goma sha ɗaya tana ci. In damina ta sauka sosai hanyar nan ruwa ke cinye ta, za mu yi wata biyu ko uku ba mu je ba.

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara dirakta ya aiko mini da takarda. An karanta mini. Ta ce Rakiya ta faɗi aji uku, ta riga ta maimaita sau biyu, shekarunta sun wuce na ajin, kuma lakkol ba ta da hanyar koyar da irinta, don haka kada a kawo ta in an koma. Na je na same shi. Ya ce ba ƙinta yake ba, amma ko an bar ta, yaya za ta yi dikte, wato shifta, a jarrabawa, tunda dikte da kunne ake yinsa. Na ɗauka ku ne masu amsar.

Na bakwai: ba ita kaɗai ba ce.

Ɗan kabu-kabu yana shiga kowane lungu. Tun da idona ya buɗe na fara ganinsu. Akwai wata yarinya a unguwar bayan duwan, ofishin kwastan, da i'ina ta hana ta karatu a gaban aji, yara suna dariya, ta daina buɗe baki gaba ɗaya, yanzu tallan ruwa take. Akwai 'yan biyu a hanyar Madekali, dukansu kurame, iyayensu makiyaya ne, ba a taɓa rubuta sunansu a lakkol ba. Akwai ɗiyar wani mai ɗinkin buhu da sai ta manna takarda a hanci take ganin rubutu, ita ma a baya take zama don tana da tsawo. Akwai wani yaro da ke ji sarai amma bai taɓa yin magana ba, uwarsa tana ɗaure ƙofa in za ta kasuwa. Ban san adadinsu ba. Ina zaton ku ma ba ku sani ba, don ba a taɓa zuwa an tambaya ba.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ku sa a janye takardar nan ta dirakta, Rakiya ta koma ajinta. In shekaru ne, shekara uku daga ciki a bencin baya aka cinye su, ba ita ta cinye ba.

Ku dawo da Madam Odil in zai yiwu. In ba zai yiwu ba, ku ba ta izini a rubuce ta riƙa zuwa gari yini ɗaya a sati, ta koya wa malamai biyu ko uku abin da ta sani. Ni zan ɗauko ta in mayar da ita, wannan aikina ne. Ta ce in gaya muku ita ma iliminta kaɗan ne, akwai waɗanda suka fi ta a kudu, in an gayyato su lokacin hutu za su koya wa malamai da yawa.

Ku gaya wa diraktoci, in uba ya ce ɗansa ba ya ji ko ba ya gani sosai, a gaya wa malamin ajin tun ranar farko, a sa yaron a gaba, malami ya riƙa juyowa in zai yi magana. Wannan ba ya bukatar a jira komai daga Kotonu.

Ku buɗe wa iyaye aji, ko da a gindin itace ne. Uwa ɗaya ce ta iya magana da ɗiyata, da ta tafi maganar ta tafi da ita. Kada wani gida ya tsaya a kan mutum ɗaya.

Ku tambayi na sama da ku yadda kurma zai yi jarrabawa. In akwai hanya, a gaya mana. In babu, a gaya mana babu, mu sani.

Ku kuma gaya wa malamai, in yaro ya rubuta abin da ba a tambaye shi ba, su karanta kafin su ja jan layi.

Na ƙarshe, ku ba ni amsa a rubuce, da kowane harshe, zan sami mai karanta mini. Kowa a tashar bakin kasuwar albasa ya san ni.

Rakiya ba ta san da takardar dirakta ba. Tana ƙirga kwanakin hutu a bangon ɗaki, ta sa kakarta ta sake mata kakin don ya matse ta. Jiya ta tambaye ni ko a aji huɗu Fati za ta zauna kusa da ita. Yanzu na iya alamun da zan gaya mata an ce kada ta koma, na haɗa su a kaina sau da yawa ina bisa moto. Ban gaya mata ba. Ranar da aka buɗe lakkol zan kawo ta bakin ƙofa da ƙarfe bakwai da rabi. In ba a bar ta ta shiga ba, ina roƙon wanda ya yanke hukuncin ya fito ya gaya mata da kansa, ni zan tsaya in fassara.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon yin adalci a kan abin da aka ɗora muku. Allah ya raya muku 'ya'yanku da jinsu da ganinsu, ya sa kada ku taɓa tsayawa gaban ɗanku ku rasa yadda za ku gaya masa abu. Allah ya jiƙan Hajo da dukkan musulmin da suka riga mu.

Wassalam.

Naku,
Amadu Hamani, mahaifin Rakiya,
Malanville.